'Yar Farin da Na Bari a Tsibiri

Duk tsufan da kuke gani na yi, akwai wata Jumma'a ta tsakiyar marka da ba ta taɓa fita raina ba, ranar da na kusa bai wa gulbi ɗiyar mutane saboda tambaya guda da na yi ba inda ta dace ba. Tunda kun ce in ba ku labarin aikinmu na da, ku da ke lodin mutane a tasha yanzu, to ku gyara zama. Kada wani ya dube ni ya ce mi tsohuwa ta sani ga sha'anin fasinja. Tun iyayenku ba su san warin mai ba nake zaunar da mutane cikin abin hawa, kuma nawa abin hawan in ya kife ba makaniki ake kira ba, masu wankan gawa ake kira.

Lokacin Nasara sun ci garin Sakkwato da kamar shekara ashirin. Babu gada bisa gulbi. Mota kuwa sai dai mu ji an ce Razdan yana da ita. Duk wanda ke zaune ƙetare, arewa da birni, in yana son kasuwa, ko masallacin Jumma'a, ko ya kawo iyalinsa ziyarar Hubbare, da rani ƙafarsa ta ishe shi, ya naɗe wando ya taka. Amma da ruwa ya sauka fadama ta cika, ba shi da hanya sai tamu. Mu ne motar gari. Malami da mahauci, mai albasa da amarya, duk jirginmu guda.

Ga yadda aikin yake. Babbanmu shi ne Sarkin Fito, wanda yake Bappana ne, yayan mahaifina. Shi ke da mashigi, shi ke cewa a tashi, shi ke cewa a ɗaure jirage. Kowane jirgi yana da maza biyu. Ɗan baya shi ke riƙe da gwangwala, doguwar sandar da ake tura jirgi da ita, kuma in an hau ruwa maganarsa ce magana. Ɗan gaba yana da filafili na tuƙi, idonsa na ga itacen da ruwa ya ɗauko. Sai kuma ni. Dalilin ajiye mace shi ne, matan da ke shiga jirgi matan mutane ne. Ɗan fito ba ya kama hannun matar wani, ba ya kuma ce mata ta matsa ta yi nauyi. Goggona ce ke wanga aiki kafin ni, da gwiwa ta hana ta anka ɗauke ni. Ina da aure da ɗa guda, ban fi shekara ashirin da 'yan kai ba, amma kowa uwar mashigi yake ce mini, har masu furfura.

Ni ke karɓar goyo, in riƙe uwar ta shiga, in mayar mata. Ni ke duban mutum in san inda nauyinsa zai zauna. Maza gaba, mata baya, kaya a tsakiya kamar katanga. Sannan sai na san wa ba ya fuskantar wa. Jirgi ƙarami ne, amma duk kunyar da ke cikin gidan mutum sai ta samu wurin zama a ciki. In kika haɗa gwiwar suruki da ta matar ɗansa, kin ɓata musu wuni, ko da an sauka lafiya.

Da marka gulbin rabuwa yake yi biyu. In ka fito Ƙofar Kware ka gangara, ƙaramin jirgi ke ƙetare da kai ƙaramin hannu, ya sauke ka a tsibiri. Tsibirin nan tudun yashi ne da ciyawa wadda ta fi mutum tsawo, ba mai kwana a ciki. Sai ka bi 'yar hanya cikin ciyawa, kamar daga nan zuwa masallacin tasharku, sannan ka iske babban jirgi bakin babban hannu. Nan nake tsayawa. Abin da ya kamata ku sani game da tsibirin shi ne, in anka yi ruwa can gabas, ko ɗigo bai sauka nan ba, gulbi cika yake yi. Wurin da kunka taka da la'asar, kafin gari ya waye sai dai ku ga kan ciyawa yana rawa bisa ruwa.

Dokar Bappa ita ce, jirgin da ya shiga igiyar ruwa da kaya ba a juya shi, kuma rana in ta faɗi ba jirgin da ke tashi. Akwai wata dokar da ba tasa ba ce, ta kowa ce: ba a ƙirga ɗiyan mutane. Ki nuna yatsa ki ce ɗaya, biyu, uku, yanzu uwar ta janye su tana tofe su, ta ce kin sa musu baki. Don haka in an gama shiga sai in ɗaga murya in ce, "Mata, kowa nata ya cika?" Su ce, "Ya cika." In bugi gefen jirgi sau biyu, ɗan baya ya tura. Haka na iske Goggo na yi, haka nake yi.

To, safiyar Jumma'ar nan wani dattijo Bafillace, Malam Buba, daga wata ruga can bayan ƙetare, ya taho da iyalinsa. Akwai tsohuwar matarsa da kowa ke ce wa Inna, akwai matar ɗansa, Hajo, da goyo, akwai 'yan mata biyu ɗiyan ƙanensa. Ɗan nasa yana wurin shanu. Sun ci lalle, sun ɗaura sababbin zannuwa, ga ƙwaryar fura an lulluɓe da faifai. Dattijon sai murna yake yi, yana gaya wa kowa cewa cikin iyalin nan nasa akwai waɗanda ba su taɓa shiga ƙofar birni ba, yau zai kai su Hubbare su yi ziyara, ya zaga da su kasuwa, su ga inda ake rini. 'Yan matan na ƙanƙame juna duk lokacin da jirgi ya motsa, yayana Garba, wanda shi ne ɗan baya, yana tsokanarsu wai kada su dubi ruwa kifi zai so su.

Akwai wata 'yar yarinya, ba ta fi shekara huɗu ba, riƙe da bakin zanen Inna. Tun da sunka shiga har sunka sauka Hajo ba ta dube ta ko sau ɗaya ba, sai na ɗauka jikar wani ɗakin ce. Da na yi tunani da na gane, don a wurin mutanen nan ɗan da uwa ba ta kallo shi ne nata na fari. Ku yaran yanzu kun san kunyar ɗan fari da baki kawai. A lokacin, musamman ga Fulanin ruga, uwa ba ta kiran sunansa, ba ta ɗaukarsa gaban mutane, ba ta cewa nata ne. Da an yaye shi kaka ke ɗauka. In kuwa surukinta na wurin, ko faɗuwa yaron ya yi, sai dai ta kau da kai wani ya ɗaga shi. Ba rashin so ba ne, tarbiyya ce, kuma da ita ake auna 'yar mutunci.

Da la'asar ta yi sanyi sai ruwan gulbi ya sake kama. Ya yi ja, ya ɗauko kumfa da karare. Bappa ya aiko daga ƙetare cewa jirgin da za mu ɗauka shi ne na ƙarshe. Masu dawowa daga Jumma'a sunka cika bakin ruwa, yara na ta guje-guje cikin ciyawa. Iyalin Malam Buba sunka iso babu Inna. Na tambaya, dattijon ya ce ƙafarta ta kumbura da yawo, ta tsaya kwana wurin ƙanwarta a birni. Masu ƙaramin jirgi sunka sauke na ƙarshensu sunka koma gefen gari sunka ɗaure.

Ina cikin zaunar da mutane sai ga masinjan Nasara, da kakinsa, an ɗauko masa wani akwatin ƙarfe. Masinja shi ne mai kai takardun gwamnati, kuma an riga an ja wa Bappa kunne cewa ba a tsai da shi. Ya ce Baturensa na rangadi a wani bariki gaba da ƙetare, lalle akwatin ya isa kafin duhu. Ya ce kuma gaba zai zauna shi kaɗai da akwatinsa, kada ruwa ya taɓa shi, kada ƙafar kowa ta taɓa shi.

Na ce, "Ranka ya daɗe, gaba wurin maza shida ne."

Ya ce, "Yau wurin gwamna ne."

Sai na tura maza baya. Kayan da nake katanga da su na rarraba su ƙarƙashin ƙafafu. Da na ɗaga kai sai na ga Malam Buba ya faɗo daidai gaban Hajo, gwiwa na taɓa gwiwa. Na gani sarai. Na ce a raina ai ƙetarewa ce kawai, su yi haƙuri.

Na ɗaga murya, "Mata, kowa nata ya cika?"

Sunka ce, "Ya cika."

Hajo ta sunkuyar da kai. Na ɗauki sunkuyon a matsayin amsa. Na bugi jirgi sau biyu, Garba ya tura.

Mun shiga igiyar ruwa sosai kafin in lura da ita. Goyonta na kuka, ba ta ko jijjiga shi. Ta cusa bakin mayafi cikin haƙora, ta kafe farce ga gefen jirgi, wuyanta a murɗe tana duban baya.

Na rarrafa kusa na ce, "Ke baiwar Allah, ruwa kike tsoro?"

Ta girgiza kai.

"Ciki ke ciwo?"

Ta girgiza kai.

Na bi idonta. Ba abin da ke can sai tsibiri da ciyawa. Nan take ɗan hannun nan na safe, mai riƙe da bakin zane, ya faɗo mini a rai. Na juya ga dattijon na ce, "Malam, ina yarinyar da ke bin Inna da safe?"

Ya ce, "Tana birni wurin kakarta."

Sai Hajo ta yi wani ɗan sauti, irin na wanda ya taka ƙaya cikin sahun salla. Ko kai ba ta ɗaga ba.

Na ce, "Malam, don Allah ba mu wuri."

To a cikin jirgi ina wurin yake? Amma dattijon nan ya san abin da nake nufi. Ya kwance jelar rawaninsa ya naɗe fuska da kunnuwa, ya juya kai ga ruwa, ya kama salati da ƙarfi don kada ya ji. Sannan Hajo ta kawo bakinta ga kunnena. Ko a nan ba ta ce ɗiyata ba.

Ta ce, "Ta Inna ta biyo mu. Ta shiga ciyawa bin fara."

Ashe a bakin ƙofar gari Inna ta sake shawara, ta ce yarinyar ta bi su gida. Yarinyar ta bi ayarin yara ta shiga ƙaramin jirgi, ba wanda ya lura sai uwar. Uwar ta ga shigarta ciyawa, tana ta jira wani ya gani ya kira ta, har na zaunar da ita gaban surukinta na yi tambayata da ƙarfi.

Na ce, "Garba, juya! An bar yarinya a tsibiri!"

Ya ce, "Kin haukace, Kulu? In na ba ruwan ga gefen jirgi, ba yarinya ɗaya za a nema ba."

Masinja ya ɗaga murya daga gaba, "Ba mai juyawa! Takardar gwamna ce a nan!"

Garba ya ce, "Kai ma yi mana shiru, ba don akwatinka na ƙi ba."

Gaskiya ce ya faɗa, na kuma sani. Na san kuma sauran lissafin. Ruwa zai kai mu can ƙasa da mashigi kafin mu taɓa ƙasa. Sai an sauke mutane, a ja jirgi da igiya a haura da shi bakin gaɓa, sannan a sake tasowa. Kafin nan rana ta faɗi. Yarinya mai shekara huɗu in ta fito ta ga ba kowa, bakin ruwa za ta nufa.

Muna ajiye wani babban duma a bayan jirgi, an toshe bakinsa, don mai faɗawa ruwa. Na tamke zanena, na jawo duman. Sai na tuna ban san abin da zan kira ba. Na ce, "Mi sunanta?"

Hajo ta buɗe baki ta rufe. Na fizge jelar rawanin dattijon, abin da ban taɓa yi wa babba ba, na ce, "Malam, jikarka na tsibiri. Sunanta!"

Ya ce, "Innalillahi! Dije! Ce mata Dije!"

Garba ya ce, "Kulu, in kin tafi mi zan ce wa mijinki?"

Na ce, "Ka ce ya auri wadda ba ta iya ruwa ba, ya huta."

Na zame ta baya a hankali don kada jirgi ya karkata. Ni ɗiyar Sarkawa masunta ce, na iya ruwa kafin in iya daka, amma ban taɓa shiga irin na ranar nan ba. Sanyi gare shi da nauyi, kamar mutane goma na jan ƙafarka. Ban yi gardama da shi ba. Na rungume duma na bar shi ya tafi da ni, ina yankawa kaɗan-kaɗan, har ya jefa ni ga wutsiyar tsibirin. Na kama ciyawa, ta tsattsage mini hannuwa, ga tabon nan har yau, ku matso ku gani in kuna so.

Na shiga ina kira, "Dije! Dije!" Hanyar da munka taka a bushe ɗazu, ruwa ya kai idon sawu. Na bi ta har bakin ƙaramin hannu, ba kowa. Na dawo. Na tsaya na yi shiru, don na lura ihuna na hana ni ji. Sai na ji wata 'yar murya can gefe ta ce, "Na'am."

Tana zaune bisa wani ɗan tudu da bai fi faifai biyu ba, ruwa ya zagaye shi. Ba ta kuka. Ta dunƙule hannu, ƙafar fara na leƙowa tsakanin yatsunta.

Na ce, "Mi ya hana ki fitowa, 'yar nan?"

Ta ce, "Inna ta ce in na ɓata in zauna wuri ɗaya."

Na ce Allah ya yi wa Inna albarka. Na saɓa ta a wuya. Muna tafiya sai ta ce, "Hajo ta gan ni. Na ɗaga mata farata." Da sunanta take kiran uwar, kamar yadda ɗiyan fari ke yi. Zuciyata ta tafasa.

Na kai mu inda ya fi tudu, kusa da mashigin babban jirgi. Na kafa kara a bakin ruwa don in ga hawansa. Kafin yarinyar ta gama ba ni labarin abin da ta gani a kasuwa, da wani raƙumi da ya yi mata atishawa, ruwa ya shanye karan. Na kafa wani sama da shi. Rana ta yi ja ta zauna bisa ciyawa, sauro ya taso. Na san dokar Bappa, na kuma san bai taɓa karya ta ba, ko don ɗan sarki. Na fara tunanin yadda zan ɗaure yarinyar ga duma da zanena in abin ya kai ga haka.

Rana ta gama faɗuwa, sauran ɗan haske, sai na hangi jirgi ya yanko daga sama. Wanda ke riƙe da gwangwala ba Garba ba ne, Bappa ne da kansa, da furfurarsa. Garba na tsakiya da igiya. A gaba kuwa, mai filafili, mai kakin nan ne, ya jiƙe sharkaf.

Garba ya ba ni labari daga baya. Ya ce ina faɗawa ruwa masinja ya daina maganar takarda. Can sai ya jawo filafilin da ke ajiye ya kama tuƙi kamar ɗan gado. Da sunka taɓa ƙasa ya ɗora Malam Buba bisa akwatin ya ce kada ya tashi, ya cire takalma ya kama igiya tare da maza. Muna dawowa, yarinyar na barci a cinyata, na ce masa, "Ranka ya daɗe, takardar gwamna fa?"

Bai juyo ba ya ce, "Ni ma ɗan fari ne. Har uwata ta rasu ban ji sunana a bakinta ba. Amma duk ran da na yi zazzaɓi, in na farka sai in ga sawunta bakin ƙofar ɗakin kakata."

Muna sauka ya ɗauki akwatinsa a kai ya kama hanya. Ban san abin da Baturensa ya ce masa ba, ban san sunansa ba, bai kuma sake biyowa ta mashiginmu ba.

A bakin gaɓa Malam Buba ya karɓi jikarsa yana hawaye, yana cewa, "Amaryata, guduna za ki yi?" 'Yan matan nan sunka rufe ta. Mutanen da ya kamata su kama hanyar gida tun ɗazu duk suna tsaye, kowa na sa mini albarka. Hajo kuwa tana can bayan wata bishiya, ta ba mu baya, tana gyara faifai bisa ƙwaryar da ba komi a ciki.

Na tafi wurinta da zafina. Na ce, "Ke wace irin uwa ce? Ɗiyarki na ɗaga miki hannu kina kallo? Kalma ɗaya ta gagare ki? Da ruwa ya ci ta, kunyar za ki goya?"

Ba ta juyo ba. Sai da na zagaya gabanta na ga leɓenta na ƙasa, ta cije shi har ya tsage, jini ya ɓata gaban mayafi. Ta ce da ni a hankali, "Na so in faɗa ruwan. Goyo ya hana ni."

Kun ji fa. Faɗawa gulbin marka ya fi mata sauƙi da ta buɗe baki gaban surukinta. Na juya na koma.

Da safe Bappa ya aiko kirana. Na tafi ina taku ɗai-ɗai, don duk ƙetare ba maganar da ake yi sai ta Kulu da ta yanki gulbi. Na iske shi yana ɗinkin komar kamun kifi. Na durƙusa na gaishe shi. Bai ɗaga kai ba ya ce, "Wa ya zaunar da dattijon nan gaban matar ɗansa?"

Na ce, "Ni ce, Bappa. Masinja ne ya…"

Ya ce, "Masinja na ajiye a mashigi ko ke?"

Na sunkuyar da kai.

Ya ce, "Da kika yi tambaya, ta amsa?"

Na ce, "Ta sunkuyar da kai."

Ya ce, "Na ji kuma kin je kin wanke ta. Ita kunyarta tun daga gida ta taho da ita, ba a jirgina ta tsince ta ba, kowa ya san da ita. Ke anka ajiye don ki san da ita. Iyo kuwa, ko karen gidan ga ya iya. Jiya kin sa na tashi jirgi bayan faɗuwar rana, na sa ran mutum uku a ruwa."

Ya ce kwana bakwai kada in taɓa jirgi. In zauna bakin mashigi, Goggo ta lallaɓa ta yi aikin, ni in yi kallo kawai. Na yi kuka ranar, ba na ɓoye muku, don ban saba a ƙi yaba mini ba.

Amma kwana bakwai ɗin nan su sunka mai da ni ma'aikaciya. Da hannuna ya huta sai idona ya buɗe. Na ga yadda mace ke tafiya gaba ba ta waiwaye, amma tana rage sauri daidai da ƙafar wani yaro da ke can baya. Na ga wadda ta ɓare gyaɗa ta miƙa wa ɗan maƙwabciya, don ta san zai raba da wanda take nufi. Na ga Goggo, ashe ita in ta yi tambayar nan ba bakin mata take saurare ba, fuskokinsu take bi ɗaya-ɗaya. Shekara nawa ina gefenta ban lura ba, kalmomin kawai na ɗauka.

Da na koma aiki sai na sake tsari. Na samu 'ya'yan tsamiya na ƙulle a bakin zane. In ƙaramin jirgi ya sauke mutane ina tsaye, duk yaron da ya taka ƙasa in mai da ƙwara ɗaya hannun hagu. A babban jirgi duk wanda ya shiga in mai da ita dama. In ƙwara ta rage a hagu, jirgi ba ya tashi, ko wa ke ciki. Ba wadda ta taɓa sanin ina ƙirga mata ɗiya, ba wadda ta tofe ni. Tambaya kuwa na daina jefa ta ga uwa ita kaɗai. Kaka nake tambaya, ko goggo, ko maƙwabciya. Kuma ko jirgi zai tsage don cika, sai na sa ko da tabarma ce tsakanin suruki da suruka.

Hajo ba ta taɓa yi mini godiya da baki ba, don in ta gode ta amsa cewa ɗiyarta ce. Amma duk ran da ta ƙetare, in na ɗaga tabarmata sai in iske 'yar ƙwarya da man shanu a ƙarƙashi. Ba ta dubana, ni ma ba na dubanta. Mun yi shekaru a haka.

Abin da na ɗauka daga ranar nan ke nan, ku kuma ku ɗauka in kuna so. Mutanenmu ba jikinsu da kayansu kaɗai suke shigowa da su abin hawa ba. Kowa na tafe da abin da ba ya iya faɗi, wani kunya, wani tsoro, wani girman kai. Mai ihu yana cewa an taka masa kaya ba abin damuwa ba ne, shi ya riga ya taimaki kansa. Wanda anka ajiye ku dominsa shi ne wanda bakinsa ke ɗaure. Ba aikina ba ne in kwance wa mutum tarbiyyarsa a tsakiyar ruwa, aikina in ƙetare da shi da ita, da ɗiyansa cif. Na riƙe mashigin nan har anka gina gada jirage sunka ruɓe a bakin gaɓa. Ban sake barin ko ɗan akuya a tsibirin nan ba, ban kuma sake sa wata uwa ta zaɓa tsakanin kunyarta da ɗiyarta ba.